Agege, Mile 12, Idi-Araba, Ajah ko bakin Ogun: ina ya dace ka ajiye iyalinka a Legas?

Yawancinmu da muka zo Legas neman abinci ba mu zaɓi wurin kwana ba. Inda motar kaya ta sauke mutum, ko inda ɗan garinsu yake da rumfa, nan yake shimfiɗa tabarma. Wanda ya baro iyali a gida yana iya shekara uku a haka bai damu ba. Magana tana canzawa ranar da ya yanke shawarar ɗauko maiɗaki da yara. A ranar ne zai fara tambaya, kuma duk wanda ya tambaya unguwarsu zai yaba masa. Na Agege ya ce Agege gida ce, na Ikorodu ya ce haya ta fi sauƙi, na Mowe ya ce me zai sa ka biya haya alhali kana iya mallakar fili. Dukansu gaskiya suka faɗa, sai dai kowa rabinta ya faɗa.

Kafin a kwatanta unguwanni, ya kamata a san irin ƙasar da ake magana a kanta, domin shimfiɗar Legas ce take yanke wa mutum hukunci tun kafin ya ga ɗakin.

Jihar Legas ita ce mafi ƙanƙanta a Najeriya wajen faɗin ƙasa, murabba'in kilomita 3,577, kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar na wannan ruwa ne. Jihar Kano ta ninka ta fiye da sau biyar. Amma a ƙidayar 2006 an ba Legas mutum miliyan 9.1, Kano kuma miliyan 9.4. Gwamnatin Legas ta ƙi yarda da adadin, ta ce nata lissafin ya kai miliyan 17.5. Tun daga lokacin ba a sake ƙidaya ba, kuma yau gwamnatin jihar tana maganar sama da miliyan 20. Ko wanne adadi ka ɗauka, ma'anar ɗaya ce: jama'ar jiha guda babba an cusa su a ɗan wuri, ruwa ya tare su ta kudu, tafki ya tsaga su a tsakiya. Shi ya sa birnin ya tumbatsa ya shiga jihar Ogun ta Sango-Ota, Agbado, Akute, Ibafo da Mowe. Mutum yana kwana a Ogun, yana wuni a Legas, kuma shi kansa ce maka zai yi a Legas yake zaune.

Tafkin ya raba garin gida uku. Akwai ɓangaren tudu, inda Ikeja, Agege, Mushin, Oshodi da Alimosho suke, kuma nan ne akasarin jama'a. Alimosho kaɗai an ƙirga mata sama da mutum miliyan 1.2 a 2006, ta fi kowace cikin ƙananan hukumomi 20 na jihar. Akwai tsibiri da zirin Lekki da ya miƙe gabas tsakanin teku da tafki. Sai Ikorodu, can arewa maso gabashin ruwan. Gadoji uku ne suka haɗa tudu da tsibiri: Carter, Eko, da Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8 da aka buɗe a 1990. Miliyoyin mutane, gada uku. Daga nan cunkoson Legas ya samo asali.

Abubuwan da za a auna

Na farko, kuɗin shiga ɗaki, ba kuɗin haya kaɗai ba. A Legas ana ɗora wa sabon ɗan haya kuɗin ejan, wato dillalin gida, kuɗin yarjejeniya, wani wurin har da kuɗin ajiya saboda ɓarna. Dokar haya ta jihar ta 2011 ta hana mai gida karɓar fiye da na shekara ɗaya daga sabon ɗan haya a yawancin unguwanni, amma inda ɗaki ya yi ƙaranci za ka tarar ana neman na shekara biyu ba kunya.

Na biyu, hanya. Wannan shi ne ma'aunin da na fi ba nauyi, kuma shi ne wanda sabon zuwa ya fi rainawa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya zama haya ta biyu da ake biya kullum da safe da yamma. Ɗakin da ya yi araha amma yake cin awa biyu zuwa, awa biyu dawowa, ba araha ba ne. Ka lissafa kuɗin danfo, ƙananan bas ɗin haya na Legas, na wata 12 ka ɗora a kan hayar, sannan ka kwatanta.

Na uku, ruwa, iri biyu: wanda yake shigowa ɗaki da damina, da wanda ake sha. Damina a nan tana ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli, ta ɗan lafa a Agusta, ta dawo a Satumba da Oktoba. Wanda ya kama ɗaki a Janairu bai ga ainihin gidan ba.

Na huɗu, jama'a: masallaci, Islamiyya, maƙwabciyar da matarka za ta yi magana da ita da harshen da take ji, da shugabanni da za su tsaya maka in wani abu ya taso.

Na biyar, ɗorewar zama. Shin wurin da ka kama zai bar ka shekara goma, ko wata rana za ka wayi gari da jan fenti a bango? Rikici, rusau da rigimar fili duk nan suke shiga. Ga mai acaba kuma akwai ƙarin abu: tun watan Yunin 2022 an hana acaba gaba ɗaya a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Lagos Mainland, Lagos Island da Apapa, a watan Satumba kuma aka ƙara da Kosofe, Oshodi-Isolo, Shomolu da Mushin.

Agege da kewayenta

Ba zan ɓoye ba, in aka ce in zaɓar wa mai ƙananan yara wuri ba tare da na san sana'arsa ba, Agege zan ce. Zaman Hausawa a nan ya haura shekara ɗari. Fataucin goro da layin dogon da ya isa Kano a 1911 su suka kafa zangon, kuma yau akwai gidajen da kaka da jika duk a nan aka haife su, suna Hausa suna Yarbanci kamar ruwa. Wannan tsufan zama yana da amfanin da kuɗi ba ya saya. Akwai Sarkin Hausawa da masu unguwanni, akwai makarantun allo da na Islamiyya, ga Markaz, makarantar Larabci da addini da Shehu Adamu Abdullahi Al-Ilori ya kafa, wadda take Agege tun shekarun 1950. Macen da aka kawo daga Funtuwa ko Gusau ba za ta yi kwana bakwai ba ta sami gidan suna da za ta shiga ba.

Wajen hanya Agege ta samu ci gaba a 'yan shekarun nan fiye da kowace unguwa da zan ambata. Gadar sama ta Pen Cinema da aka buɗe a 2021 ta rage tsayuwar da ake yi a mahaɗar layin dogo. Jirgin ƙasa na Red Line da ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoban 2024 yana tashi daga Agbado ya bi Iju, Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin da Yaba ya tsaya a Oyingbo. Jirgin Legas zuwa Ibadan ma yana da tasha a nan. Ta gefen Abule-Egba kuma akwai layin BRT, manyan bas masu hanyarsu ta daban, zuwa Oshodi tun 2020. Sana'a tana kusa: kwatar Oko-Oba ga mahauta da masu dabbobi, kasuwar Ile-Epo ga masu kayan abinci, Katangua ga masu gwanjo.

Ƙasar tudu ce, ba ta nutsewa kamar bakin tafki, ko da yake layukan da lambatu ya toshe suna cika. Aibinta matsi ne. An ƙirga mata kusan mutum 460,000 a 2006 a ɗan fili kaɗan, kuma yawancin gidajen tsakiyarta tsofaffi ne, ɗakuna a jere suna kallon juna, banɗaki da kicin na tarayya. Mai son sirri ga iyalinsa sai ya matsa gefe, wajen Oko-Oba, Iju ko Abule-Egba, ya ƙara kuɗi. In ka nufi wajen Abule-Egba ka tambayi inda bututun mai ya ratsa ka nisance shi; gobarar Disambar 2006 ta ci rayuka masu yawa a nan. Sannan ka sa ido a kan samarinka, domin rigimar 'yan daba tana tashi lokaci zuwa lokaci.

Mile 12, Ketu da Ikorodu

Mai sana'ar gwari ba shi da dogon tunani. Tumatir, tattasai, attaruhu da albasa da suke saukowa daga Arewa a Mile 12 ake sauke mafi yawansu, kuma ciniki yana farawa tun kafin asuba. Wanda zai tari mota ƙarfe huɗu na dare ba zai kwana a Agege ba. Tambayarsa ita ce: ya zauna dab da kasuwa, ko ya haye Ikorodu?

Dab da kasuwa akwai sauƙin hanya, amma nan ne nake jin tsoron ruwa. Yankin yana bakin fadamar kogin Ogun. Idan aka saki ruwa daga madatsar Oyan da ke kusa da Abekuta, galibi wajen ƙarshen damina, unguwanni irin su Agiliti, Owode da Ajegunlen hanyar Ikorodu suna shan ruwa ko da sama ba ta zubar da ɗigo ba. Na ga iyalin da suka ɗaura katifa a saman tebur suna jiran ruwa ya janye. Ɗakin da aka ce maka ya yi araha a wannan yanki, ka dubi bangonsa daga ƙasa; alamar ruwan bara ba ta ɓuya, ko an yi sabon fenti. Akwai kuma tarihin rikici: na Ketu a 1999, da na watan Maris 2016 wanda ya sa aka rufe kasuwar na wani lokaci. An daɗe kuma ana maganar mayar da kasuwar Imota, can gaba da Ikorodu. Mai niyyar gina gida saboda kasuwar ya riƙe wannan a ransa.

Ikorodu ta fi sarari, haya ta fi sauƙi, kuma mutum yana iya samun ɗaki da falo mai banɗakinsa a kuɗin da ba zai ba shi haka ba a Ketu. Tana da Sabo inda namu suke. An ƙirga mata sama da mutum 500,000 a 2006, amma wanda ya ga yadda gidaje suka cinye gonakin Igbogbo, Ijede da Agric ya san ta ninka haka nesa. BRT da ta fara daga Mile 12 zuwa CMS da ke tsibiri a 2008 an miƙa ta zuwa Ikorodu a 2015, ga jiragen ruwa da suke tsallaka tafki zuwa tsibiri. Matsalarta ita ce babbar hanya ɗaya ce take fita da mutum zuwa Mile 12. Tirela ɗaya ta faɗi a Majidun da ke kan hanyar, safiyar kowa ta lalace. Unguwannin da ke can ciki kuma, inda gidaje suke warwatse, sun sha fama da matsalar tsaro, musamman kashe-kashen 2016 da 2017, don haka a zauna inda jama'a suke.

Idi-Araba

Tsakiyar gari ke nan. Tana ƙaramar hukumar Mushin, maƙwabciyar Surulere da Yaba, kuma asibitin koyarwa na jami'ar Legas, LUTH, a cikinta yake. Hausawa sun daɗe a nan, akwai masallatai da makarantu, kuma duk inda za ka a cikin gari kusa ne. Kuɗin mota kaɗan za ka kashe. Amma ɗaki yana wuyar samu, yana tsada a kan girmansa, gidajen sun tsufa, layukan bakin kwalbati suna cika da damina, kuma an hana acaba. Rikicin watan Fabrairun 2002 ya bar tabo, ko da yake an daɗe ana zaman lafiya. Wurin ya dace da wanda ya riga ya san kowa a unguwar, ko mai jinyar da take bukatar zuwa asibiti a kai a kai. Obalende ma kusan haka take ga masu tsire, masu canji da masu aiki a Ikoyi, sai dai ta fi tsada da hayaniya, kuma ban cika ba mai ƙananan yara shawararta ba.

Ajah zuwa Ibeju-Lekki

Nan ne kuɗi suke motsi yanzu. An buɗe tashar jiragen ruwa ta Lekki a watan Janairun 2023, matatar man Ɗangote mai ƙarfin tace ganga 650,000 a rana aka ƙaddamar da ita a watan Mayun shekarar, kuma gine-gine ba sa tsayawa. Direba, birkila, mai gadi, mai sayar da kayan miya a bakin rukunin gidaje, duk suna samu fiye da yadda za su samu a tudu.

Amma wurin samu daban, wurin ajiye iyali daban. Zirin Lekki yashi ne da fadama, kusan daidai yake da teku. Ruwan sama na awa biyu yana mayar da titi kogi. Rijiyar burtsatse a wurare da yawa tana ba da ruwa mai launi ko mai ɗanɗanon gishiri, sai an saya daga tanka ko an tace, wannan kuma kuɗi ne na kullum. Kayan abinci sun fi tsada domin sai sun ƙetare gari kafin su iso. Hanyar Lekki zuwa Epe ita ce kashin bayan yankin duka, kuma manyan motoci sun ƙaru a kanta. Abin da ya fi damuna shi ne irin matsugunin da talaka yake iya biya a nan: rumfunan katako a filin da ba a san mai shi ba, ko kangon da mai gini ya ba da aro. Irin waɗannan su ake fara rushewa. Otodo-Gbame, unguwar bakin tafki inda aka tashi dubban mutane a 2016 da 2017, a wannan yanki take. Namiji shi kaɗai zai ɗauki jakarsa ya nemi wani wuri. Mai mata da yara huɗu fa?

Bakin Ogun: Kara, Ibafo, Mowe, Agbado, Sango

Wannan ɓangaren na masu tunanin mallaka ne. Fili ya fi araha nesa ba kusa ba, haya ma haka, kuma akwai sararin da yaro zai yi wasa, a ɗaure akuya a tsakar gida. Ga mai dabbobi, kasuwar Kara tana bakin doguwar gadar da ke kan hanyar Legas zuwa Ibadan, kuma ta wannan hanya yawancin motocin Arewa suke shigowa, don haka saƙo daga gida yana isowa ƙofa.

Sai dai bakin Ogun ba ɗaya ba ne. Ɓangaren Kara da Isheri yana cikin fadamar kogin Ogun, ruwan madatsar Oyan yana cin sa kamar yadda yake cin bayan Mile 12. Ibafo da Mowe sun fi tudu, amma mai aiki a cikin Legas ya dogara ne da babbar hanya ɗaya, wadda take cushewa a ranakun manyan tarukan ibada da ake yi a sansanonin da ke gefenta. Layukan cikin unguwa yawanci ba kwalta, wuta ba ta da tabbas, makarantar gwamnati da asibiti na jihar Ogun ne kuma suna iya yin nisa. Agbado ce ta fita daban, tunda daga nan Red Line yake tashi. Mai aiki a Ikeja, Oshodi ko Yaba yana iya zama a can ya shiga jirgi. Sango-Ota tana da masana'antu da aikin yi a cikinta, amma hanyarta zuwa Legas tana gajiyar da mutum.

Haɗarin da ya fi kowanne a nan shi ne sayen fili. 'Yan omo-onile, wato masu cewa ƙasar ta kakanninsu ce, suna iya sayar da fili ɗaya ga mutum uku, sannan su dawo neman kuɗi ranar aza harsashi, su sake dawowa ranar rufi. Na san wanda ya biya kuɗin fili a hannun dillali saboda dillalin yana jin Hausa kuma suna sallah a masallaci ɗaya, bayan shekara ya tarar wani ya zagaye wurin da katanga. Kada ka biya sisi sai lauya ya duba takardu, mai awo ya auna, an bincika a ofishin filaye na jiha cewa wurin ba ya cikin ƙasar da gwamnati ta keɓe. Ka biya ta banki, ka karɓi rasit da hannun shugabannin dangin da suka sayar, ka kuma fara katanga da wuri.

| Yanki | Kuɗin ɗaki | Hanya | Ambaliya | Jama'armu | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Agege | matsakaici | jirgi, BRT, danfo | kaɗan | da yawa sosai | matsi, 'yan daba |
| Mile 12 da Ketu | matsakaici | BRT, kusa da kasuwa | mai yawa a fadama | da yawa | ruwa, makomar kasuwa |
| Ikorodu | da sauƙi | BRT, jirgin ruwa, hanya ɗaya | ya danganta da layi | akwai a Sabo | cunkoso, tsaro a lungu |
| Idi-Araba | da tsada | kusa da ko'ina | bakin kwalbati | da yawa | ƙarancin ɗaki |
| Ajah da Ibeju | da tsada sosai | hanya ɗaya | mai yawa | a warwatse | rusau, ruwan sha |
| Bakin Ogun | mafi sauƙi | nisa, ban da Agbado | Kara da Isheri | Kara, Sango | rigimar fili |

Wa ya dace da ina

In kai mahauci ne, mai gwanjo, tela, ko ma'aikaci a Ikeja, kuma yaranka suna shekarun Islamiyya, ka nemi Agege. In tsakiyarta ta yi maka matsi ka matsa Oko-Oba ko Iju. In sana'ar gwari kake yi, ka kama ɗaki a kan tudu a Ketu, ko ka kai iyali Ikorodu kusa da layin BRT, kai kuma ka riƙa kwana kasuwa ranakun saukar kaya. Kada arahar Agiliti ta ja ka. Mai acaba ya cire Mile 12, Idi-Araba da Ajah daga lissafi, ya dubi Agege, Alimosho, Ikorodu ko Ogun, yana sane cewa manyan tituna da gadoji haramun ne gare shi ko'ina a jihar.

Mai aiki a Lekki ko wajen matata, shawarata ya zauna can shi kaɗai kusa da aikinsa, iyali kuma su tsaya a gida ko a Agege wurin dangi, har sai ya iya biyan ginannen ɗaki mai takardar haya. Mai jinya, ko wanda sana'arsa take Yaba, Mushin da Surulere, Idi-Araba ta fi masa ko da ɗakin ƙarami ne. Mai shanu da raguna, Kara, amma gidan kwanan iyali ya kasance can sama wajen Ibafo inda ruwa ba ya kaiwa. Wanda kuma ya tara kuɗi yana son nasa na kansa, ya fara duba Agbado saboda jirgi, sannan Mowe, kuma ya fara zama ɗan haya a unguwar damina ɗaya kafin ya sayi fili a cikinta.

Duk wanda ka zaɓa, ka je ka ga ɗakin bayan an yi ruwa mai ƙarfi, ka tambayi mai shayin layin inda ruwa ya tsaya bara, sannan ranar Litinin ka fito daga ƙofar gidan ƙarfe shida na safe ka hau mota zuwa wurin sana'arka, ka duba agogo, ka ƙirga abin da ya fita daga aljihunka.